RA'AYINMU: A BAR YARA SU YI TAMBAYA

A ranar rabon kyaututtuka ta wata makarantar ikilisiya, a ƙarshen zangon karatu, an tsayar da wata yarinya 'yar aji biyar a gaban iyaye da manyan baƙi. Ta zuba bayani da Turanci a kan yadda ganye yake haɗa wa shuka abinci da taimakon hasken rana, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka yi ta tafi, mata suka rangaɗa guɗa, wasu har suka fito suka liƙa mata kuɗi. Bayan an tashi, sai wani dattijo manomi, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya kira ta ya ce, "Jikata, zo ki taimaki kakanki. Masarar da na shuka a ƙarƙashin mangwaro ta yi tsawo, ta yi rawaya, ba ta yi goyo ba, ta fili kuwa ta yi kyau. Mene ne dalili?" Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, ba a koya mana wannan ba." Alhali kuwa amsar ita ce abin da ta gama zubawa ɗazu-ɗazu a gaban jama'a.

Ba mu kawo wannan labari domin a yi wa yarinyar dariya ba. Tana da ƙwaƙwalwa, gama wanda ya iya haddace shafi guda cikin harshen da ba nasa ba, ba za a kira shi daƙiƙi ba. Laifin namu ne, mu iyaye da malamai da shugabannin ikilisiya, da muka koya mata cewa karatu shi ne a haɗiye magana a amayar da ita ranar jarrabawa. Irin wannan yarinya kuwa suna nan birjik a makarantun gwamnati da masu zaman kansu, har da waɗanda muka kafa da baikonmu, muka kuma rubuta sunan ikilisiya a jikin allon ƙofarsu.

Abin da muke kuka da rashinsa a nan shi ne abin da masana ilmi suke kira tunani mai auna magana. Mu dai za mu kira shi tankaɗe da rairaya. Kowace uwa ta san ba a ɗauko gari daga inji a zuba shi kai tsaye cikin tukunya, sai an sa rariya, tsaki da ƙasa su tsaya a sama, gari mai laushi ya sauka. Haka ya kamata yaro ya yi da duk maganar da ta shiga kunnensa. Ya iya tambayar kansa: Wa ya faɗa? Yaya aka yi ya sani? Me ya sa abin ya zama haka? Ya dace da abin da na gani da idona? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi huɗu ya sami makamin da zai yi masa amfani a gona da kasuwa da ofis da majami'a har tsufansa.

Ya kamata mu tuna inda muka fito. Lokacin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya a 1905 ya soma koyar da yara, aikin da daga baya ya koma Wusasa, da lokacin da mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar horon malamai da masu bishara a Gindiri a 1934, babban nufinsu shi ne kowane mai bi ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta da kansa, ya gane da kansa, kada ya dogara ga "an ce" kawai. Saboda haka ne aka sha wahalar juya Littafin zuwa Hausa har ya fito cikakke a 1932. Daga Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba mu ce makarantun mishan ba su da aibi ba. Su ma sun yi bulala, sun yi hadda, wasunsu sun hukunta yara saboda magana da harshen iyayensu. Amma manufar da aka kafa su a kanta ita ce buɗe ido. In jikokin waɗanda suka koyi karatu a ƙarƙashin itace domin su bincika gaskiya sun koma masu maimaita abin da ba su gane ba, to, mun yi baya, ko da ginin makarantarmu bene ne.

Yaya aka yi muka zo nan? Dalili na farko shi ne yawa ya rinjayi inganci. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun mishan. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, yara suka yi ta tururuwa, aka horar da malamai cikin gaggawa domin a cike gurbi. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, wanda manufarsa mai kyau ce, wato yaro ya koyi aikin hannu tare da na littafi, amma injunan da aka sayo daga ƙasashen waje da yawansu sun yi tsatsa a cikin akwati saboda babu wutar lantarki, babu mai koyarwa. A 1999 aka zo da UBE, aka kafa masa doka a 2004. Duk waɗannan shirye-shirye sun kawo yara aji, kuma mun gode. Sai dai manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuwa mun san azuzuwan da yara suka ninka wannan har sau biyu ko uku, wasu a kan taga, wasu a ƙasa. Malamin da ke gaban irin wannan taro ba shi da wata dabara sai ya ce, "Ku faɗa bayana," su amsa gaba ɗaya kamar 'yan amshi.

Dalili na biyu shi ne halin da malamin kansa yake ciki. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta kuma ba da sanarwar cewa 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta gardama a kan yadda aka yi gwajin da kuma korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya musa cewa akwai ciwo. Wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi. Malamin da bai gane darasi sosai ba yana jin tsoron tambaya, gama za ta tona masa asiri, saboda haka sai ya rufe bakin yaro da tsawa ko da bulala. Mu kuma tambayi kanmu: wa ya tura shi aikin? Mun mai da koyarwa aikin wanda ya rasa abin yi. Yaronmu mai ƙoƙari muna yi masa addu'a ya zama likita ko lauya, wanda ya faɗi jarrabawa sau uku kuwa mu ce, "A nema masa ko malanta ce." Sa'an nan mu bar shi wata da watanni ba albashi, mu sa rai zai shiga aji da fara'a.

Dalili na uku shi ne bautar takardar shaida. Mun mai da sakamakon WAEC da NECO da JAMB kamar gunki. Akwai doka tun 1999 wadda ta tanadi tara da ɗauri ga mai maguɗin jarrabawa, duk da haka iyaye suna cire yara daga makarantarsu a ajin ƙarshe su kai su wuraren da ake kira "mirakul senta", inda ake rubuta amsa a allo. Dubi yadda aka ɗauki kalmar mu'ujiza, wadda muke danganta ta da ikon Allah, aka liƙa wa gidan sata! Abin baƙin ciki shi ne wasu daga cikin masu biyan wannan kuɗi dattawan ikilisiya ne, wasu shugabannin zumuntar mata, kuma ranar Lahadi za su fito da baikon godiya domin yaro ya ci darasi tara. Yaron da ya ga ubansa ya saya masa amsa ya riga ya koyi darasin da ya fi duka ƙarfi, cewa wahalar da ƙwaƙwalwa wauta ce.

Dalili na huɗu shi ne harshe. Yaro yana tunani ne da harshen da yake mafarki da shi. In aka hana shi wannan harshe tun ranar farko, aka ce duk wanda ya yi "banakula" zai biya tara, ba abin da ya rage masa sai hadda. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka soma wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, aka kuma ga ba su gaza takwarorinsu ba, har sun fi su a darussa da dama. Manufar ilmi ta 1977 ta yarda a soma da harshen uwa ko na gari. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a yi hakan duk shekaru shida, a 2025 kuma ta janye ta ce a koma Turanci. Gwamnati tana iya sauya manufa, amma ba abin da ya hana malami ya tsaya a tsakiyar darasi ya ce, "Wa zai bayyana mini wannan da Hausa, ko da Tarok, ko Jju, ko Bachama, ko Tangale?" Wanda ya iya juya magana zuwa harshen gidansu shi ne ya gane ta.

Akwai dalili na biyar, shi ne ya fi yi mana nauyin faɗi, gama ya shafe mu kai tsaye. Mu da muke koyar da ajin baftisma da makarantar Lahadi, mu ma 'yan hadda ne. Muna riƙe da littafin tambaya da amsa, mu karanta tambaya, yara su rera amsa, wanda ya rera daidai mu ce ya isa shiga ruwa. Ranar da wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tun da Allah ya san Adamu zai ci 'ya'yan itacen nan, me ya sa ya dasa shi a gonar?" abin da ya fito daga bakinmu shi ne, "Kai, rufe mana baki, ba a yi wa Allah tambaya!" Yaron ya rufe baki kuwa, bai sake ɗaga hannu ba. Amma tambayar ba ta mutu ba. Ya ajiye ta a zuciya, wata rana zai kai ta wurin wanda zai saurare shi, ko a jami'a, ko a intanet, ko wurin mai koyarwar ƙarya, kuma amsar da zai samu a can ba mu ne za mu zaɓa masa ita ba. Muna roƙon gafarar irin waɗannan yara.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce, kuma maganarsu abin dubawa ce. Za su ce yaran yanzu sun riga sun yi ido, in aka ƙara ba su bakin tambaya sai su raina na gaba, su raina bangaskiya. Amsarmu ita ce tambaya daban, rashin kunya daban. Yaro yana iya durƙusawa ya gai da malaminsa, ya kuma ce cikin ladabi, "Malam, ban gane ba," ko "Malam, littafin nan ya faɗi wani abu dabam." Kakanninmu da suka ce matambayi ba ya ɓata ba marasa tarbiyya ba ne. Su ne kuma suka zaunar da mu a dandali da dare suna jefa mana kacici-kacici, wanda bai sani ba ya ba da gari. Wannan ai makarantar wasa ƙwaƙwalwa ce.

Game da bangaskiya kuwa, Littafi Mai Tsarki da kansa yana bayan mai tambaya. A Fitowa sura 12 da Joshuwa sura 4, Allah ya shirya Idin Ƙetarewa da duwatsun tunawa ta yadda yara za su tambayi ma'anarsu, ya kuma umarci iyaye su ba da amsa. A Luka sura 2, an sami Ubangijinmu yana ɗan shekara 12 a Haikali, zaune a tsakiyar malamai, yana sauraro yana kuma yi musu tambayoyi, ba wanda ya kore shi. Da ya soma koyarwa, bai ba almajiransa shafi su haddace ba. Ya nuna musu iri da ƙasa, da tsuntsaye, da yisti a cikin gari, da tunkiyar da ta ɓata, abubuwan da suke gani kullum. Da masanin Attaura ya tambaye shi wane ne maƙwabci, sai ya ba shi labarin Basamariye, ya bar shi ya fitar da amsar da bakinsa. Toma ya yi shakka, Ubangiji bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa. A Ayyukan Manzanni sura 17 an yaba wa mutanen Biriya domin ko wa'azin Manzo Bulus sai da suka koma ga Littattafai kowace rana suka duba ko haka yake. In Bulus bai ji haushin a bincika maganarsa ba, mu su wane ne? Daniyel da abokansa uku sun koyi harshe da littattafan Babila har suka fi kowa, amma da aka kawo musu abin da zai ƙazantar da su, suka san abin da za su ƙi. Wannan shi ne tankaɗe da rairaya.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta 'yan boko ce kawai. Rashin auna magana yana cin rai da dukiya. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya yi ta yawo a waya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Masu digiri da marasa digiri suka tashi suka bi, aka kwantar da mutane a asibiti, har aka yi rashin rai. A 2016 jama'a suka zuba kuɗinsu a MMM saboda alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, a watan Disamba aka rufe asusun, kuɗin makaranta da na aure da jarin kasuwa suka tafi. Ba a rasa masu bi a cikinsu ba, wasu ma a harabar majami'a aka shigar da su. Tambaya ɗaya, "Wace sana'a ce take kawo wannan riba?" da ta cece su. Haka kuma masu kiran kansu annabawa suke sayar wa mutanenmu mai da ruwa da hankici, mara lafiya ya bar maganin asibiti. Mafi muni, mu da muke zaune a garuruwan da suka sha rikici mun san yadda jita-jita ɗaya, ko hoton wata ƙasa da aka ce na garinmu ne, yake sa matasa su ɗauki makami kafin a san gaskiya. Matashin da bai koyi tambayar "Wa ya faɗa?" ba, itace ne a hannun duk mai son hura wuta, ko Kirista ne ko Musulmi.

Ga shi kuma zamani ya sake. Yau yaro yana da wayar da za ta ba shi amsar kowace tambaya cikin ƙiftawar ido, kuma tun ƙarshen 2022 akwai manhajoji irin su ChatGPT da suke rubuta wa ɗalibi insha'i cikakke. Na'ura ta fi kowane yaro hadda. Tana kuma yin kuskure ta faɗe shi da ƙarfin hali kamar gaskiya. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya iya rarrabewa.

To, me za a yi? Ga malamai muna cewa: ba sai an kawo muku kwamfuta kafin ku ta da sha'awar yaro ba. Ku sa yara su shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana, ɗaya a cikin kwali, su faɗi abin da suke tsammani zai faru, bayan mako biyu su duba. Ku kafa sanda a fili su auna inuwarta da safe da tsakar rana da yamma. Ku koya lissafi da farashin mudun masara a kaka da kuma a bazara, su nemo dalilin bambancin. Ku aike su wurin tsofaffi su tambayo tarihin garinsu, su kwatanta abin da mutum biyu suka faɗa. Ku farfaɗo da muhawara da wasan kwaikwayo. Ku san sunan kowane yaro, gama yaro yana ƙoƙari ne domin malamin da ya san shi. Kada ku doki yaro saboda amsar da ba daidai ba, ku tambaye shi yadda ya yi ya kai gare ta. In kuma aka yi muku tambayar da ba ku sani ba, ku ce, "Ban sani ba, mu bincika, gobe mu dawo da amsa." Wannan ba ya rage girman malami.

Ga iyaye muna cewa: kada ku tsaya ga duba na nawa yaro ya zo a aji. Ku zauna da shi bayan tuwon dare, ya bayyana muku da harshen gida abin da aka koya masa, ko da ku ba ku yi makaranta ba. Ku bar shi ya yi tambaya a lokacin addu'ar iyali. 'Ya mace ta sami wannan dama daidai da ɗa namiji, kada a ce mata yawan tambaya zai hana ta miji. Kuɗin da za ku kai gidan satar amsa, ku saya masa littattafai da shi.

Ga ikilisiyoyi muna cewa: duk wadda ta buɗe makaranta ta biya malamanta a kan kari, albashin da mutum zai iya ci da iyalinsa, kafin ta yi maganar sabon gini ko motar fasto. Kwamitin makaranta ya riƙa shiga aji yana ganin yadda ake koyarwa, ba littafin kuɗi kaɗai zai duba ba. Makarantar da ke ɗauke da sunan Almasihu ta yarda yaranta su faɗi da gaskiya, da su ci da sata. Kowace majami'a tana iya ware kabad ɗaya na littattafai. Malamai da likitoci da injiniyoyin da ke cikinmu, har da waɗanda suka yi ritaya, su ba da yammacin Asabar ɗaya a wata domin yara. A ajin baftisma kuma a ware lokacin da yara ne za su yi tambaya, mu mu amsa, bayan hadda kuma kowa ya faɗi ma'anar amsar da kalmominsa.

Ga gwamnatoci da hukumomin jarrabawa muna cewa: a biya malamai, a horar da su, a rage cunkoso, a kuma riƙa tsara tambayoyin da sai an yi tunani kafin a amsa su, gama abin da jarrabawa take nema shi malami yake koyarwa.

'Yan'uwa cikin Almasihu, an umarce mu mu ƙaunaci Allah da zuciya da rai da ƙarfi, har da hankali. Hankalin yaranmu baiwa ce da aka ba mu amana, za a kuma tambaye mu ko mun juya ta ko mun binne ta a ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar Lahadi mai zuwa, in wani ƙaramin hannu ya ɗaga a bayan aji, mu dakata mu saurara.

Allah ya ba mu hikima da tawali'un yin haka. Amin.